Ku Matsa Gefe, Ginin Nake Son Ɗauka

Tun ban gama buɗe baki ba na hango wasunku sun fara taɓe nasu. Wai hoton gine-gine, kuma wai a Nguru da Gashuwa? Alhaji na bakin kasuwa ya ajiye carbi ya ce, "Yaro, in aikin yi ka rasa, zo ka taya mu ƙirga buhunan gero." Malamin makaranta kuwa sai da ya gyara zaman tabarau sannan ya yanke hukunci: irin wannan hoto na mutanen Dubai ne da Abuja, inda bene ke gogayya da gajimare, mu nan wane dogon abu gare mu in ka cire hasumiyar masallaci da tankin ruwa da ƙarfen sabis na kamfanin waya? To, Allah ya huci zuciyarku. Ku ara mini kunne, ba kuɗi zan karɓa ba.

Abin da nake magana a kai yana aljihun da yawa daga cikinku, kuna yawo da shi ba ku taɓa gaisawa ba. Buɗe kyamarar wayarka, duba ƙasa inda aka rubuta 1, in ka ga 0.5 ko 0.6 a gefensa, danna. Nan take duniya za ta ja da baya, abin da ke dama da hagu ya shigo. Babban idon waya yana ganin abin da ya kai digiri 80 daga kusurwa zuwa kusurwa, wannan kuwa yana kwasar wajen 120. Kamfanin LG ya sa shi a wayarsa G5 a 2016, amma sai a 2019, da Samsung ya fito da S10, Apple ya fito da iPhone 11, abin ya zama ruwan dare. Masu manyan kyamarori sun daɗe da shi, da milimita suke aunawa: 50 shi ne kusa da ganin yau da kullum, 24 mai faɗi, 14 kuwa har takalminka sai ya shigo in ba ka kula ba. Samarinmu dai sun san shi, amma aikin da suka ɗora masa guda ne: a ɗaga hannu sama a ɗauki kai, goshi ya fito ya cinye rabin hoto, a tura wa budurwa. Allah ya shirya.

Malam, da kai zan fara, tunda kai ka kawo hujja. Ka ɗauka tsawo aka yi wa wannan ido. Matsi aka yi masa, da faɗi. Shiga lungu a Hausari ko Bulabulin a Nguru, ko Katuzu a Gashuwa, ka tsaya gaban wani tsohon zaure ka ce za ka ɗauke shi. Ka ja baya taku biyu, katangar maƙwabci ta tare maka gadon baya, babu sauran inda za ka. Da idon da ka saba, ƙofa za ka samu da rabin dakali. Danna 0.5, sai ga dakalin dukansa, ga buta a gefe, ga indararo, ga bakin azara da ya leƙo inda yaɓe ya zube, ga wayar lantarki ta ratsa sama, ga reshen dogon yaro ya sunkuyo, ga lungun ya miƙe har inda ya karya kwana. Mutumin Dubai yana da filin da zai ja baya har ya gaji. Kai ne ba ka da shi, don haka kai ka fi shi bukatar abin.

Sannan garuruwan nan a kwance suke. Ba su yi sama ba, gefe suka bazu, kuma abin da ya fi komai girma a cikinsu shi ne sararin samaniya. Wanda ya taɓa tsayawa a wajen gari da damina, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, rana kuma ta haske rufin kwano daga yamma, ya san abin da nake nufi. Idon da ke tsinto abu ɗaya ba zai kawo maka wannan ba, sai wanda zai haɗa rufi da hadari da goruba a waje guda.

Mu je tashar jirgin ƙasa ta Nguru, don nan ne na fi son mu daɗe. Kafin jirgi, garin yana da tarihinsa, mazaunin Galadiman Borno ne, mai riƙe da yammacin daular. Amma a wajen 1930 layin dogo ya iso daga Kano, tafiyar sama da kilomita 200, ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya zo nan ya tsaya cak, bai ƙara gaba ba. Ƙarshen layi kuwa kasuwa ne ko an so ko ba a so. Gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, daga nan aka yi ta loda su zuwa Kudu. Kamfanonin Turawa suka kafa kanti da sito, baƙi suka zo daga ko'ina suka yi unguwa. Yau sai a daɗe ba a ji kukan jirgi ba, amma ƙarfen yana nan. Ka nemi izinin ma'aikatan wurin, ka duba dama da hagu, ka tsuguna tsakanin ƙarafan biyu, ka sauke waya har ta kusa taɓa katakon da aka ɗaure su a kai. A 0.5, kusoshin da ke gabanka za su fito manya da tsatsarsu, ciyawar da ta tsiro a tsakani a ga kowane zare nata, ƙarafan biyu kuma su ruga su haɗe can nesa, gine-ginen tashar su jeru a gefe suna ƙanƙancewa ɗaya bayan ɗaya. Hoto guda, amma wanda bai taɓa zuwa Nguru ba zai gane cewa a nan wata babbar harka ta taɓa ci. Yanzu ka gaya mini wane bene ne a Abuja, wanda aka gama fentinsa shekaran jiya, zai ba ka wannan labari?

Na ji Baba Bulama yana gyaran murya. Bari in faɗa tun da wuri, ni Bafulatani ne, tsokanar Barebari gado na tarar, ba ni na fara ba. Na san abin da zai ce: su da suka gina Birnin Gazargamu tun ƙarni na 15, suka yi fada da jan bulo lokacin da kakannina ke kwana a bukkar kara, ni ne zan koya musu darajar gini? Gaskiyarka, Baba, ranka ya daɗe. To ina hotonsa? Ya ce, "Ka tambayi danginka da suka far masa a 1808." Na karɓi wannan, an ci ni. Amma ko da ba mu je ba, babu mai ɗaukarsa, don sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Birnin da ya yi sama da shekara 300 yana mulki, ga kufansa can wajen Gaidam, abin da ya rage shi ne tudun ganuwa da ɓaraguzan bulo. Mutanen Gazargamu suna da uzuri. Jikokinsu da ke yawo da ido uku a bayan waya, suna ɗaukar farantin shinkafa da shi, ban san uzurinsu ba.

Badawan Gashuwa kuma na can suna cewa an fara, kullum Nguru ake sa wa a gaba. Ku kwantar da hankalinku, tsakaninku da Nguru bai kai tafiyar kilomita 70 ba, ga ni nan tafe ta Jajimaji. Ku ma kun san yadda gari ke tashi ya bar wani: fadar Mai Bade a Gogaram take, garin ganuwa, kafin a dawo da ita Gashuwa a 1946. Ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga kwalejin horar da malamai, ga sababbin unguwanni na bulo da siminti suna cin gonaki. Sai dai abin dariyar shi ne, ginin Gashuwa da ya fi suna a wajen mutanen Legas shi ne wanda ba za ka kuskura ka ɗaga masa waya ba, wato gidan yarin da aka tsare lauya Gani Fawehinmi a 1989. Wannan ka wuce shi da sallama, hannunka a aljihu.

Abin da Gashuwa ta fi Nguru da shi a wajen mai hoto, ku toshe kunne mutanen Nguru, shi ne kogi a gindin gari. A yankin nan ne ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama kogin Yobe. Tsaya a gaɓa da hantsi, kwalekwale a gabanka, masu wanki a gefe, gidaje a jere a bayansu, duka su shiga hoto ɗaya. Kuma kogin nan ba kullum yake zaman lafiya da maƙwabtansa ba. Ambaliyar 2022 ta shiga unguwanni ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa. Wanda ya sake gini bayan nan, da bulo ya yi in yana da hali, kuma ba mai ganin laifinsa, ni ma da ni ne haka zan yi. Amma unguwar da aka sani kafin ruwan ta tafi ke nan. Je ka tambayi mai gidan ko yana da hoton tsohon zaurensu. Zai nuno maka hoton bikin ƙanwarsa, ga mutum goma sha sun cika shi maƙil, zauren kuwa sai wani ɗan gefen bango da ya leƙo ta bayan kafaɗar ango.

Yanzu bari in ba ku makamin da za ku yaƙe ni da shi, tunda na ga ba ku iya nemowa da kanku ba. Idon nan maƙaryaci ne, kuma tonon asiri gare shi, duka biyun.

Tonon asirin shi ya fi damun masu gari. Halinsa irin na uwar miji ne da ta zo ganin ɗakin amarya: ba gadon kaɗai za ta kalla ba, sai ta leƙa ƙarƙashinsa. Ka je ɗaukar sabon get mai tayil, sai ya haɗo maka da kwatar da ta toshe, da ledojin da iska ta maƙala a waya, da akuyar da ke cin fastar ɗan takara. Ba ya zaɓe. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni a wurina nan amfaninsa yake, don gini ba shi kaɗai yake rayuwa ba, da titinsa yake, da mai shayin da ya jingina tebur da bangonsa, da inuwar da 'yan Keke Napep ke fakewa a ciki.

Ƙaryar kuma iri biyu ce. Ta farko, duk abin da ke kusa sai ya kumbura shi, na nesa ya tsumke shi, na gefe kuma ya ja shi. Shi ya sa in an jeru ɗaukar hoto, wanda tsautsayi ya kai ƙarshen layi sai ya fito da faffaɗan kai da kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Hajiya, in an zo hoton biki da 0.5, ki nemi tsakiya ki kafe, ki bar kishiya ta tsaya a gefe. Dillalan gidaje sun gano wannan tuni: ɗakin da katifa ɗaya ke cikawa, a hoto sai ka rantse za a yi ɗaurin aure a ciki. 'Yan siyasa ma ba a bar su a baya ba. Aji biyu da ofis, a tsuguna a kusurwa a ɗauko shi daga ƙasa, sai ya fito da tsawo da faɗi har ka yi zaton sabuwar jami'a aka buɗe. Duk wanda ya iya 0.5 ya daina ruɗuwa da irin waɗannan hotuna, ko wannan kaɗai ya isa riba, Alhaji.

Ta biyun ita ce wadda za ta fara ba ka haushi. Ka tsaya gindin hasumiya, ka ɗaga kan waya sama don ka samu ƙololuwarta, sai ka ga ginin ya kwanta baya, bangayen biyu sun nufi juna, kamar magini ya sha wani abu. Laifin ba na magini ba ne. Da zarar fuskar waya ta daina daidaita da fuskar bango, saman ginin ya fi gindinsa nisa daga idon, abin da ya fi nisa kuwa dole ya ƙanƙance, faɗin idon kuma ya ƙara wa abin gishiri. Maganin ba tsada. Kunna layukan nan da ke raba allon kyamara gida tara, riƙe wayar a tsaye cak, ka daidaita gefen bango da ɗaya daga cikin layukan. In saman bai shigo ba, ja baya, kada ka ɗaga. Ƙasa za ta yi yawa a hoton, ka yanke ta daga baya, ko ka jira mai kura ko mai tallan rake ya shigo ya cike maka wurin. Ƙwararru suna da wani ido na musamman da ke zamewa sama ba tare da an karkata kyamara ba, Nikon ya fito da irinsa tun farkon shekarun 1960, amma kuɗinsa ya fi na wayarka. Manhajar Snapseed, wadda kyauta ce, tana miƙar da bango in karkatar ba ta yi yawa ba.

Wanda wayarsa ba ta da 0.5, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da shi, kada ya ce an ware shi. Akwai fanorama, inda za ka juya a hankali waya ta ɗinke hotunan. Sai dai ka roƙi Allah kada wani abu ya gifta, in ba haka ba za ka samu jaki mai ƙafa shida da kai biyu a gaban fadar hakimi.

Lokaci kuma ba sai na koya wa mutumin Gashuwa ba, shi da ya san abin da rana ke yi da azahar a watan Afrilu. Hoto ma gudunta yake, tsakar rana bango fari fat yake fitowa, inuwa kuma baƙa wuluk. Daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar, hasken yana zuwa ta gefe, ya fito da shatin hannun mai yaɓe a jikin bango. Kada ka bari sai magariba, ƙaramin idon nan ba shi da ƙarfi a duhu, hoton zai fito da dishi-dishi. Da hunturu hazo yana cinye nesa, amma yana tausasa haske, lungu yana kyau a cikinsa. Kuma don Allah a goge gilashin da gefen riga, rabin abin da kuke kira hazo maiƙon ƙosai ne.

Liman bai ce komai ba tukuna, amma na ga yana kallona. Allah gafarta Malam, saɓanin da malamai suka yi a kan hoton mai rai ne, bango da ƙofa ba su da rai. Inda maganarka za ta kama ni shi ne wajen mutane, kuma a nan ina bayanka. Idon da ke kwasar digiri 120 yana kwaso wanda bai ce a ɗauke shi ba: matar da ta leƙo daga zaure, dattijon da ke gyangyaɗi a dakali. Hawa bene don neman hoto mai kyau kuwa leƙen tsakar gidan mutane ne, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. Ka yi sallama, ka gaida masu unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu abin da ka ɗauka, wanda ya ce goge ka goge. Yara kuwa ba ka da maganinsu, da ka ɗaga waya za su cika gabanka suna "Mai hoto, ɗauke ni!" Ɗauke su sau ɗaya, ka nuna musu, su yi dariya su watse, sannan ka yi aikinka. Sai batun tsaro, wanda ba wasa a ciki. Jihar nan da aka sa wa dokar ta-ɓaci a 2013 ba ta manta ba, baƙo mai ɗaukar gine-gine dole a tambaye shi. Ofishin 'yan sanda, bariki, shingen bincike, banki, gada, duk ka bar su, ko ka nemi izini a bayyane.

Alhaji ya dawo da tambaya irin tasa: nawa ake samu? Yau dai ba ko sisi. Wani Bafaranshe, Eugène Atget, ya shafe kusan shekara 30 yana yawo da asuba da ƙatuwar kyamarar katako, yana ɗaukar tsofaffin lungunan Paris da shagunansu, ya mutu a 1927 ba mai kuɗi ba. A 1968 gidan adana kayan fasaha na MoMA a Amurka ya sayi dubban hotunansa, yau duk mai son sanin yadda tsohon birnin yake, wajensa yake komawa. In Faransa ta yi maka nisa, ga Kano. Dalar gyaɗa a hoto kaɗai ta rage. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, wanda ya ɗauke ta kafin nan shi ke da ita. Kuma babu wanda ya aiko da sanarwa cewa gobe za a rushe, ku zo da wayoyinku.

Saboda haka ga gasa na buɗe tsakanin garuruwan biyu, in ga wanda zai fara jin kunya. Kowa ya ɗauki titin da yake bi kullum, tasha, rumfunan 'yan banda, tsohon kanti, masallacin unguwa, makarantar allo da inuwarta. A rubuta sunan unguwa da ranar da aka ɗauka, don hoton da ba suna ba kwanan wata, bayan shekara 20 gardama kawai zai haddasa a majalisa, wannan ya ce Sabon Gari ne, wancan ya rantse Zango ne. Kada a bar shi a sitatus na WhatsApp, wanda awa 24 ke share shi, kuma kada a dogara da wayar da gobe za ta faɗa randa. A wanke masu kyaun a wajen mai hoto, a sa a jaka tare da takardun gida. Wanda kuma ya turo mini hoton kansa ya tokare gaban ginin da babbar riga, ya ɗaga yatsa biyu, zan buga shi yadda yake, in rubuta a ƙasa: ana cigiyar wani zaure, an ga ɓacewarsa ne a bayan wannan bawan Allah.